Kawu Mai Ɗaukar Hoton Duhu

Daga Gwarzo har Kabo, in ka haɗa da ƙauyukan da ke tsakani da kajin da ke cikinsu, babu mahaluƙin da ya kai ni sanin aikin Kawu. Haka na faɗa ranar da muka dawo daga maƙabarta, ina zaune a tsakiyar tabarma a ƙofar gidansa, a ƙauyenmu na wajen Durun. Wani tsohon ɗalibinsa da ya zo daga Kano ne ya ja ni. Ya ce shi dai lissafi Malam ya koya masa, amma ya sha jin cewa kafin nan ya yi aikin taurari a Turai, to wane irin aiki ne? Na gyara hula. Na ce ai Kawu bakaniken sama ne, in tauraro ya mutu shi ake kira, kuma ba sau ɗaya ba Turawa sun harba shi da sifana a aljihu.

Sai murya ta fito daga bayan ƙofar zaure. 'Yar Kawu ce, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ta taɓa barin maganata ta sauka lafiya ba. Kuka ya kumbura mata ido, amma bakin yana nan yadda na san shi.

"Rediyo, ko yau ba za ka rage murya ba? Baba da ko jirgin sama sai ya sha magani yake hawa? A ofis yake zaune gaban kwamfuta. Duhu yake ɗauka a hoto."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi a gidan mutuwa a haɗiye rabinta. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya jiƙan Kawu, aka amsa.

Daga nan kowa ya fara kawo nasa. Wani dattijo daga Gammo ya ce shi abin da ya riƙe, mutumin nan bai taɓa cewa "na gani" ba sai ya sake dubawa. Mai shayin bakin hanya ya ce wata rana Malam ya yi masa faɗa shayinsa na ɗaci, washegari sai ga shi ya tako da sanda, ya ce shayin ba shi da laifi, zazzaɓi ne ya ɓata masa baki, a yafe masa. Ya ce tun da yake dafa shayi ba wanda ya taɓa dawowa ya wanke shi. Yana faɗa yana share ido da bakin riga. A cikin gida kuwa Innata, ƙanwarsa, tana zaune a gefe. Tabaraunsa ne a hannunta, ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe.

A ƙarshen tabarma akwai mutum ɗaya da bai sa baki ba. Kawu Liman ne, ƙanen mamacin, uwa ɗaya uba ɗaya, limamin Juma'ar garinmu. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya saci kallonsa. Na ji wasu biyu a bayana suna raɗa, ɗaya yana tambayar ɗaya ko sun shirya kafin mutumin ya cika. Garin nan kowa ya san shekaru suka yi ba abin da ke haɗa su sai sallama. Shi kuma Kawu ya taɓa gaya mini da bakinsa cewa makanta ba ta ba shi tsoro kamar ya mutu ƙanensa ya sallace shi don aikinsa na limanci ne kawai. Saboda wannan raɗar na zauna rubuta wannan, kuma na yi wa taubashiyata alkawarin zan rage gishiri gwargwadon iyawata.

Bari in fara da aikin, yadda shi ya bayyana mini wata damina ina ɗan saurayi, ya zo hutu. Akwai wani madubin hangen taurari da aka harba sama, yana zagaya duniya kamar tauraron ɗan'adam, yana ɗauko hotunan abubuwan da ido ba ya kaiwa. Na ce masa to ai shi ke nan, a ɗauka a wanke. Sai ya sa aka kwaso ƙoƙunan matarsa Hajiya, ya jera su a tsakar gida layi-layi. Ya ce idon kyamarar haka yake, ƙoƙuna ne ƙanana ƙwarai masu yawan gaske, haske yana zuba cikinsu kamar ruwan sama, a auna abin da kowanne ya tara, a haɗa, ya zama hoto.

"To can sama babu rufin iska irin namu," in ji shi. "Akwai wani burbushi mai gudun tsiya da ke fitowa daga rana da can nesa, yana ratsa ƙarfe. Kamar ƙanƙara yake dukan ƙoƙunan nan dare da rana. Wani ya tsage, abin da ya tara ya zurare. Wani kuma, shi ne mugun, ya riƙa cika da kansa ko ba a yi ruwa ba. A hoto sai ka gan shi fari tas, ka rantse tauraro ne."

Na ce a hau a sauya su mana. Ya ce da wane tsani?

Abin da suke yi, in ji shi, su rufe wa madubin ido ruf, su ɗauki hoton duhun. Duk ɗigon da ya yi haske alhali an rufe, to ba sama ba ce ke magana, ciwon kyamarar ne. Su san wurinsa da yawan abin da yake ƙarawa, su cire daga hotunan gaskiya. Wani lokaci su ɗan gusa da madubin su sake ɗauka. Tauraro na gaske zai sauya wuri a hoton, ɗigo mai ciwo kuwa yana nan inda yake. Lokaci-lokaci kuma su ɗumama kyamarar, wasu ƙoƙunan su warke, wasu su ƙi. Ba a gama aikin, don ƙanƙarar ba ta ɗaukewa. Wasu suna can suna samun suna da gano sababbin taurari, shi yana ɗaki yana tantance waɗanda ba taurari ba ne. Na tambaye shi ko abin ba ya ci masa rai. Ya ce wata rana wani matashi ya kusa shelanta wa duniya ya gano abu, shi ya nuna masa tabon kyamara ne, yaron ya yi kwanaki ba ya gaishe shi, daga baya ya kawo masa alewa. Hajiya ta leƙo ta ce a mayar mata da ƙoƙunanta kafin hadarin can ya iso.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida, bai zauna a Kano ba kamar yadda aka zata. Ya gina ɗakuna kusa da gidan gado, ya riƙa koyar da lissafi kyauta a wata sakandare a Kabo, ya sayi tumaki ya kasa kiwonsu. Mutane suka ɗora masa abin da suka ga ya dace da mutumin taurari, wato duban wata. Duk ƙarshen Sha'aban da ƙarshen azumi ana hawa tudun bayan gari bayan magariba, kuma ta kai dagaci ba ya buga wa hakimi waya sai Kawu ya ce e. Kafin zuwansa maganar Liman ce ake kaiwa. Ba wanda ya lura da wannan sauyin, har da ni da nake cewa ba abin da ke wuce ni.

Shekarar da abin ya faru azumin ya zo da zafi mai narka kwalta. Kowa ya gaji, kowa yana son a ce gobe Sallah. Muka sha ruwa, muka yi magariba, muka hau tudu. Dagaci yana riƙe da waya. Can sai Liman ya miƙa hannu.

"Ga shi can, saman kukar nan, ɗan siriri."

Nan take mutum biyu a bayansa suka ce su ma sun gani. Ni kuwa don kada a bar ni a baya har na fara ganin biyu. Aka juya ga Kawu. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Na ga wani abu." Yara suka fara kabbara, dagaci ya fara danna waya. Sai Kawu ya ɗaga hannu. Ya juya fuskarsa arewa, inda babu komai sai gonar dawa. Ya tsaya. Sannan ya sa tafin hannu ya rufe idanunsa duka biyu.

"Ranka ya daɗe, ajiye wayar," ya ce da dagaci. "Abin da na gani ya biyo ni da na juya. Na rufe ido kuma yana nan. Wannan ba wata ba ne, idona ne."

Da a nan ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Amma sai ya juya ga ƙanensa, cikin muryar da yake yi wa ɗalibai bayani.

"Liman, kai ma rufe naka ka gani. Ciwon sugan nan gida ɗaya ya same mu."

Liman ya dube shi daga hula har takalmi.

"Yaya, a gaban mutanen da nake ja wa sallah kake ce mini in rufe ido? Shekara nawa ina duba wa garin nan wata, kana can kana ɗaukar hoton duhu?"

Ya kaɗa riga ya sauka. Dagaci ya mayar da waya aljihu.

Bayan isha'i rediyo, na gaske ba ni ba, ya sanar an ga wata a wasu garuruwa, gobe Sallah. Garin ya ɗauka Liman ya ci, Kawu ya faɗi. Samari suka mayar da abin wasa, in sun hango shi tafe sai su rufe ido da hannu su ce suna duban wata. Da safe ya saka farar rigarsa ya bi ƙanensa sallar Idi a sahun gaba. A hanyar dawowa na ce, "Kawu, yau kam Turai ta sha ƙasa."

"Waɗanda suka gani Allah ya ba su lada," ya ce. "Ni abin da na gani aka tambaye ni." Muka yi 'yar tafiya. "Inda na ɓata, da na ja shi gefe."

Ya je ba da haƙuri a ranar. Liman ya karɓe shi a tsaye a zaure, ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke rufe ƙofa. Daga nan sai sallama. Su haɗu a masallaci, wannan ya yi, wancan ya amsa, don kada a shiga haƙƙin addini, kowa ya kama hanyarsa. Suna da biki ba sa zama tabarma ɗaya. Innata ta yi kuka, ta yi faɗa, ta yi fushi da su duka biyun, ba abin da ya motsa.

Kawu ya je asibitin ido a Kano, aka ce jijiyoyin bayan idon ne ke zubar da jini, kuma an makara. Da kansa ya je ya gaya wa dagaci a cire shi daga masu duban wata. Kowace safiya sai ya tsaya gaban farin bangon zaurensa, ya rufe ido ɗaya, ya duba, ya rufe ɗayan. Ya san inda ramukan ganinsa suke kamar yadda manomi ya san inda ruwa ke kwanciya a gonarsa. In yana son ganin fuskarka sai ya kalli kunnenka, don tsakiyar ta mutu, gefen ne ke aiki. Baƙi suna zaton raini ne. Jikokinsa kuwa suka saba, in sun shigo sai su tsaya ta gefensa. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Iyakarsa ya ce, "Yau an ƙara mini ƙoƙo ɗaya."

A nan ne na shigo da tawa gwanintar. Tsakanin gidajen nan biyu tafiyar da kaza za ta yi ba ta huta ba ce, amma ni ne nake tasowa tun daga Gwarzo a kan mashin, in rufe shagon takina, don in ɗauki gaisuwa daga wannan zaure in kai wancan. Liman ya ce, da rabin baki yana kallon carbi, "Ka gaishe shi." Kafin in tsallaka lungu maganar ta yi ƙiba. In ce, "Kawu, na baro Liman yana kuka, gemu ya jiƙe sharkaf, tabarma na iyo." Kawu ya ce, "Ka ce ina tambayar jikinsa." In isa can in ce Yayanka ya daina cin abinci don kewarka, ya rame har hula ta yi masa yawa. Kowannensu ya saurara, ya ce to, madalla. Na riƙa gaya wa abokaina a kasuwa cewa sulhun nan a tafin hannuna yake.

Wata Juma'a na shigo da gudu.

"Kawu, an gama! Liman ya makance ƙurmus. Yau Gwarzo ya fuskanta ya ta da sallah, sai da ladan ya juyo shi kamar buhu."

Ya juyo yana kallon kunnena.

"Wato ya yi tuntuɓe a bakin masallaci."

Gaskiya abin da ya faru ke nan, dokin ƙofa ne bai gani ba. Na ce ya aka yi ya sani. Ya ce in je in kira masa taubashiyata. Abin da ya gaya mata ban ji ba. Na dai ga ta ɗauki mayafi ta nufi gidan Liman, ta zauna a zaurensa, ta ce Baba Ƙarami, ba zan tashi ba, ba zan ci ba, sai mun je Kano. Wanda ya san ta ya san ba wasa take ba. Kafin la'asar Liman ya ce a kawo mota. A asibiti aka ce ciwo ɗaya ne da na yayansa, ido ɗaya ya riga ya yi nisa, ɗayan aka yi masa aiki aka ceto shi. Da shi yake karanta huɗuba har yau.

Na zaci daga mota gidan Kawu zai zarce. Bai zo ba. Aka yi kaka, aka yi rani. Kawu in ya ji taku a lungu sai ya ɗaga kai, in ya gane ba shi ba ne ya mayar. Ganinsa ya ƙarasa tafiya, sannan ƙoda ta kama. Aka kwantar da shi a Kano, daga baya likita ya ce a kai shi gida ya huta, mu kuma mun san ma'anar wannan hutun. A lokacin ne ya yi mini maganar nan ta sallar gawa. Ranar tashi na yi na fita na tsaya wajen tumaki.

Wata la'asar, an yi ruwa an ɗauke, ina zaune ina yi masa fifita ina ba shi labarin wani kifi da aka kama a dam wanda sai da aka kira tirela. Sai muka ji sallama a ƙofar ɗaki. Hannun Kawu ya tsaya a kan bargo. Liman ya shigo, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa dab da gado. Suka gaisa, doguwar gaisuwa, jiki da gida da ruwa da shuka, har aka rasa abin tambaya. A waje indararo na ta ɗiga.

"Yaya."

"Na'am."

"Na rufe idon."

"Yaushe?"

"Tun ranar. Ina shiga gida na rufe."

"To?"

"Yana nan, Yaya. Ɗan siriri, kamar yankan farce. Har cikin duhu yana nan."

Kawu ya miƙa hannu yana lalube a iska. Liman ya kama ya riƙe da hannu biyu.

"Ni ma da na ja ka gefe," in ji Kawu.

Liman ya kifa goshi a bakin gado. Wannan karon gemun ya jiƙe da gaske, kuma ga ni a wurin, ba wanda zan kai wa labari. Kawu ya ce, "Ɗana, je ka duba ko tumakin nan sun shiga masarar Hajiya." Na fita. Tumakin suna ɗaure. Na daɗe a tsakar gida, har na jiyo su suna dariya, su biyu, irin dariyar da ban taɓa ji daga bakin Liman ba.

Bayan 'yan kwanaki Kawu ya cika, da hantsi, Hajiya da Innata suna gefensa. Liman ne ya yi masa wanka da hannunsa, ya hana kowa taɓa butar. Da ya tsaya gaban sahu, a kabbara ta uku muryarsa ta ɗauke, muka jira shi har ya samo ta. Wanda ya tsaya kusa ya san ba aiki yake yi ba. Masu raɗa a bayan tabarma, ga amsarku.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa kabarinsa da hasken da ba ya bukatar a sake dubawa. Ya ba Hajiya da Innata da Kawu Liman haƙuri, ya raya abin da ya bari. Tudun bayan gari yana nan, ana hawa duk shekara, kuma yanzu in wani ya ce ga shi can, sai ka ga dagaci ya ce masa ya juya arewa tukuna, ba kuma wanda ke jin haushi.

Ranar addu'ar bakwai, da aka shafa fatiha jama'a suka fara raguwa, na ga dattawan Kabo sun kewaye Liman suna yi masa barka da shiryawa da ɗan'uwansa. Na ga in ban yi magana ba tarihi zai cuce ni. Na matsa na ce ai sulhun nan sai da na ƙone tayoyin mashin ba adadi, kuma da ba don irin kalaman da nake zaɓowa ba, da har yanzu ana nan. Liman ya juyo da idonsa mai kyau ya dube ni.

"Ɗan nan, ranar da aka aike ka duba tumaki, kai muke wa dariya. Yaya ya ce kai ma ya auna ka tuntuni. Ƙarinka kullum mudu ɗaya ne, ba ya hawa ba ya sauka, shi ya sa ake iya aiki da kai. Muka zauna muka cire, ni da shi. Duk abin da ka yi shekaru kana jigila, abin da ya rage 'yana gaishe ka' ne. Tashi ka naɗe tabarmin nan, hadari ya taso."